LIKITA YA CE BA KOME, ASHE CIWON DAJI NE: SHIN AKWAI DIYYA?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata tambaya da wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi ya kawo mini bayan mun tashi daga karatun la'asar. Ya jira sai da jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙanena ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Wani ƙullutu ne ya fito masa a wuya, ba ya zafi, sai zazzaɓi da gumin dare da rama. Muka kai shi wani asibiti, likita ya taɓa wurin ya ce tarin fuka ne ya sauka a wuya, ya ɗora shi a kan magani ba tare da an yi wani awo ba. Wata biyu babu sauƙi, muka koma, ya ce a ci gaba. Aka cika wata shida, ƙullutu ya zama uku. Sai da muka canja asibiti aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Yanzu matarsa tana so a kai ƙara, baffanninmu kuwa sun ce wanda ya kai ƙara a kan mutuwa ya yi jayayya da hukuncin Allah. Ni na rasa inda zan sa kaina."

Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri. Tambayarka ba taka ba ce kai kaɗai, saboda haka zan amsa ta a inda jama'a za su karanta." To, ga amsar, gwargwadon abin da Allah ya sanar da ni.

WACE CUTA CE WANNAN?

Malaman fiƙihu ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san siffarsa, don haka bari mu fara da cutar kanta. Kowa ya san kaluluwa, watau ɗan ƙullutun nan da ke tasowa a hammata ko a wuya ko a matsematsi idan mutum ya yi rauni ko miki. Waɗannan ƙulle-ƙulle Allah ya halitta su a jiki kamar ofisoshin kwastan a kan hanya, suna tace ruwan jiki, suna tare ƙwayoyin cuta. Idan ƙwayoyin jini farare da ke zaune a cikinsu suka lalace suka shiga hayayyafa ba ƙa'ida, shi ne ciwon dajin da likitoci ke kira limfoma. Yana iya kama saifa da hanta da ɓargo.

Iri-iri ne, amma an kasa shi gida biyu manya. Na farko yana ɗauke da sunan Thomas Hodgkin, likitan Ingila da ya bayyana shi a shekarar 1832. A ƙasashen da magani ya wadata, fiye da mutum 80 cikin 100 na masu wannan nau'i suna warkewa. Gida na biyu ya tattara sauran nau'o'in, kuma a cikinsu akwai wanda ya fi addabar yaran Afirka, wanda Denis Burkitt ya bayyana a shekarar 1958 yana aiki a asibitin Mulago na Kampala a ƙasar Uganda. Shi wannan yakan kumbura muƙamuƙin yaro ko cikinsa, har iyaye su ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, alhali girmansa na iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. An fi samunsa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Duk da saurinsa yana jin magani ƙwarai, kuma a cikin waɗanda suka tabbatar da haka akwai Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan ƙasar Kamaru, wanda ya yi aikinsa a Ibadan, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka a shekarar 1972 tare da Burkitt da wasu.

Abin lura a nan shi ne, wannan cuta ce da lokaci ke da daraja a cikinta. Kuma alamominta, watau ƙullutu marar zafi, da zazzaɓi, da gumin dare mai jiƙa riga, da ramar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jiki a wata shida, su ne dai alamomin tarin fuka idan ya sauka a kaluluwar wuya. Tun da tarin fuka ya fi yawa nesa ba kusa ba a ƙasashenmu, ba abin mamaki ba ne zaton likita ya fara tafiya can. Abin da ke raba gardama shi ne a cire ƙullutun ko a yanki wani sashe nasa a duba a ƙarƙashin madubin likita, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen wannan aiki. Har ila yau akwai magungunan rage kumburi, irin su firedinisolon, waɗanda ake saye a kemis barkatai. Sukan sa ƙullutun limfoma ya sace na ɗan lokaci, majinyaci ya yi murna, sa'an nan su rikita sakamakon awo.

ƘADDARA BA TA KORE ALHAKI

Mu koma kan maganar baffannin. Babu Musulmin da ke shakkar cewa ajali idan ya zo ba a jinkirta shi, kuma marigayin nan ya cika kwanakinsa ne cif. Amma da wannan hujja ce ta yafe alhaki, da babu wanda za a tuhuma da kisa har abada, domin duk wanda aka kashe da ajalinsa ya mutu. Allah da ya ƙaddara mutuwa shi ne kuma ya wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Ka lura, ya ɗan'uwa, mai kuskure aka ɗora wa, ba mai ganganci ba. Watau shari'a ta ɗauke masa zunubin niyya, ba ta ɗauke masa biya ba.

Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya juya da mutanensa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke, da aka yi masa magana ya nuna cewa komawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da ya sami rauni a ka a cikin tafiya, wanka ya kama shi, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga yana da sauƙin yin taimama ba, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya jingina mutuwarsa gare su da kakkausar murya, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Ashe wanda ya yi magana da tabbaci a inda ya kamata ya bincika, aka halaka ta dalilinsa, ba ya fakewa da ƙaddara.

Saboda haka neman hakki ba jayayya da Allah ba ne. Yarda da hukuncin Allah aikin zuciya ne, neman hakki kuwa mu'amala ce tsakanin bayi, kuma mutum ɗaya yana iya haɗa su biyun.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA A KAN LIKITA

Asalin wannan babi hadisi ne da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da saninsa ba, to lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Malamai suka fahimci kishiyarsa daga nan: gwani da aka san shi, ya yi aiki yadda sana'a ta gada, da izini, ba ya biya ko da majinyaci ya mutu. Dalili kuwa shi ne likita ya ɗauki alkawarin ƙoƙari ne, bai ɗauki alkawarin waraka ba, kuma da za a ci shi tara a kan kowace mutuwa, da an rasa mai yin wannan aiki wanda yake farilla ne a kan al'umma.

Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa likitoci kashi biyar. Na ɗaya, gwani da ya ba sana'a hakkinta, hannunsa bai kuskure ba: babu kome a kansa. Na biyu, jahili da ya ruɗi majinyaci da sunan likitanci: yana biya. Na uku, gwani da hannunsa ya zarce ya ɓata lafiyayyar gaɓa: akwai diyya, domin laifin kuskure ne. Na huɗu, gwani da ya yi ijtihadi ya ba da magani, ijtihadin ya kauce, maganin ya kashe: akwai diyya, sai dai an yi saɓani ko baitulmali ne zai biya ko dangin likitan. Na biyar, gwani da ya yi yanka ba da izinin majinyaci ko waliyyinsa ba: yana biya.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Ibnu Rushdi ya ambata a cikin Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan wajabcin diyya idan likita ya yi kuskure, ya ba da misali da mai kaciya da ya zarce wuri. Shehu Halil kuma a cikin Muhtasar ya rataya lamuni a kan likitan da ya jahilta ko ya gaza. Kakanninmu sun san wannan hukunci a kan wanzami da maɗori da ungozoma tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Hausa.

Wani zai ce: ai duk waɗannan misalai na wanda ya yi yanka ne ko ya ɗura magani, shi kuwa likitan da bai gane cuta ba bai aikata kome ba, bari kawai ya yi. Amsa ita ce Malikiyya suna daga cikin waɗanda suka fi tsanantawa a kan bari. Shehu Halil ya kawo a babin yanka cewa wanda ya sami ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, yana lamunta, har ya ba da misali da mai zaren ɗinke rauni da ya hana, da mai rarar abinci ko ruwa da ya hana wanda ya matsu. To idan mai wucewa a hanya ana kama shi da bari, ina ga wanda aka je wurinsa takanas, ya karɓi amana, ya karɓi lada?

Hukuma ma tana da nata nauyi. A shekarar 931 Miladiyya, da wani mutum ya mutu a Bagadaza ta kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin aikin sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi takarda, kuma waɗanda aka jarraba sun haura 800. A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Maskat ta ƙasar Oman a shekarar 2004, ta fitar da ƙuduri mai lamba 142 a kan lamunin likita. A cikin abubuwan da ta lissafa akwai jahiltar fannin da ya shiga, da aiki ba lasin, da aiki ba izini, da ruɗin majinyaci, da kuskuren da irinsa ba ya aukuwa daga takwarorinsa, da sakaci. Ta kuma ɗora alhaki a kan asibitin kansa idan shi ne ya gaza.

KUSKURE DABAN, SAKACI DABAN

A nan ne adalci yake bukatar natsuwa. Likitan da ya ga ƙullutu a wuya ya fara zaton tarin fuka bai yi laifi ba, domin takwarorinsa masu hankali da yawa haka za su zata. Ma'aunin shi ne abin da ya yi da zaton nasa. Ya tambayi tarihin ciwon? Ya duba hammata da ciki? Ya sa an yi awon da zai tabbatar da tarin fukan? Da majinyaci ya dawo bayan wata biyu yana shan magani ba fashi, ƙullutu na ƙara girma, ya sake tunani ya tura shi a yanki nama, ko kuwa ya kore shi da "a ci gaba"? Zato na farko ijtihadi ne wanda ake yi wa uzuri. Dagewa a kansa bayan alamu sun ƙaryata shi, wannan shi ne gazawar da Shehu Halil yake nufi.

Haka nan akwai sakacin da ba na zato ba: sakamakon awo ya fito ya kwanta a cikin fayil ba wanda ya karanta, ko a musanya naman wani da na wani, ko a gano cutar a ɓoye wa mai ita. Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, watau a ce wa mai tarin fuka limfoma gare shi, a ɗura masa magungunan daji masu zubar da gashi da raunana jini ba tare da tabbaci ba. Wannan ya fi sauƙin hukunci, domin ɓarna ce da hannu ya aikata kai tsaye.

Dokar Turawa ta zo kusa da wannan. A shari'ar Bolam ta shekarar 1957, kotun Ingila ta ce likita bai yi sakaci ba idan ya bi hanyar da wata jama'a ta likitoci masu mutunci suka yarda da ita, kuma kotunan Nijeriya suna aiki da wannan ma'auni. A fiƙihu ma alƙali ba ya yanke wannan da ra'ayinsa. Masana sana'ar yake tambaya. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu, kuma asali shi ne wuyan mutum a kuɓuce yake sai an tabbatar da akasin haka.

TAMBAYA MAI WUYA: SHIN JINKIRIN NE YA KASHE SHI?

Ko an tabbatar da sakaci, da sauran rina a kaba. Likita zai ce: na yarda na makara, amma ba ni na sa masa cutar ba, kuma ko da na gano ta da wuri mai yiwuwa ne ta kashe shi. Wannan gardama ta kai har kotun ƙoli ta Birtaniya a kan limfoma ɗin kanta, a shari'ar da aka sani da sunan Gregg da Scott.

Ga yadda abin ya faru. A watan Nuwamba na shekarar 1994 wani mutum ya nuna wa likitansa ƙullutu a hammatarsa ta hagu, likita ya ce tarin kitse ne marar illa, bai tura shi ko'ina ba. A shekara mai zuwa mutumin ya ƙaura wani gari, wani likita ya tura shi asibiti, aka auna aka ga limfoma ce. Jinkirin fara magani ya kai wata 9, cutar ta bazu zuwa ƙirji. Alƙali ya tabbatar da cewa likitan farko ya yi sakaci. Masana suka nuna cewa da an fara magani a kan kari, damar mutumin ta ya shekara goma lafiya lau ita ce 42 cikin 100, jinkiri ya mayar da ita 25 cikin 100. A watan Janairu na shekarar 2005 manyan alƙalai biyar suka yanke hukunci: uku suka ce ba shi da diyyar wannan raguwa, biyu suka saɓa. Hujjar masu rinjaye ita ce, tun da damarsa tun farko ba ta kai rabi ba, bai iya tabbatar da cewa jinkirin ne ya hana shi warkewa ba, ga shi kuma yana raye a lokacin da ake shari'ar. Hujjar masu saɓawa, musamman Lord Nicholls, ita ce wannan ya mayar da wajibin likita fanko a daidai wurin da majinyaci ya fi bukatarsa.

Ba duk ƙasashe suka bi wannan ba. Kotunan Faransa sun daɗe suna biyan diyyar asarar dama gwargwadon girmanta, haka ma wasu jihohin Amurka, kamar Washinton tun shekarar 1983.

To mene ne matsayin fiƙihu? Abin da ya bayyana gare ni shi ne mas'alar tana da fuska uku. Idan masana amintattu suka shaida cewa nau'in cutar mai jin magani ne, kuma rinjayen zato shi ne da an gano ta a lokacin da ya kamata da ya tsira, to sakacin ya zama sababin mutuwa, diyyar kisan kuskure ta tabbata, tare da kaffarar azumin wata biyu a jere a kan likitan. Idan masana suka ce cutar ta riga ta fi ƙarfin magani tun ranar farko, babu diyyar rai, domin ba a ɗora wa mutum abin da ba shi ya jawo ba. Idan kuwa abin ya tsaya a tsakiya, kamar shari'ar nan ta Ingila, to cikakkiyar diyya ba ta tabbata da shakka, amma wannan ba ya nufin likita ya fita fes. Cutarwar da aka tabbatar dole a gyara ta: kuɗin da aka zubar a kan maganin da ba na cutar ba, da ladan da ya karɓa a kan aikin da bai cika ba, da ƙarin wahala da lahanin da jinkiri ya jawo, wanda alƙali zai kimanta da taimakon masana, abin da malamai ke kira hukuma a babin raunuka. Shugaba kuma yana da ikon ladabtar da shi. Irin wannan wuri ne sulhu ya fi dacewa da shi. Wannan fahimtata ce, wanda ya ga abin da ya fi shi ƙarfi a rubuce ya aiko wa wannan fili.

NAWA NE, WA ZAI BIYA, WA ZAI KARƁA?

Diyyar rai raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Bisa lissafin da ya shahara na giram 4.25 ga kowane dinari, ta kama giram 4,250 na zinariya. A kisan kuskure ba mai laifin kaɗai ke biya ba. Aƙila ce ke ɗauka, watau danginsa na wajen uba, a rarrabe cikin shekara 3, matuƙar abin ya kai sulusin diyya. Abin da bai kai sulusi ba yana cikin dukiyarsa. Wanda kuwa ya yi sojan gona da likitanci, malamai da yawa sun ce shi zai biya daga aljihunsa, a kuma hore shi. Da yake dangi sun warwatsu a wannan zamani, Majalisar Fiƙihun nan ta zauna a Dubai a shekarar 2005 ta yarda cewa inshorar takaful da ƙungiyoyin ma'aikata da asusun taimakon juna suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Wannan kira ne ga likitocinmu Musulmi da masu asibitoci su yi tanadi tun kafin ta faru.

Yanzu ga wurin da nake so baffannin marigayi su saurara da kyau. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, matarsa tana da tumuninta, 'ya'yansa suna da rabonsu. Baffa ba ya gado idan akwai ɗa namiji, saboda haka ba shi da abin da zai yafe. Baligi mai hankali yana iya yafe rabonsa, kuma yafewa alheri ce mai lada. Amma rabon maraya ƙarami, ko waliyyinsa ba shi da ikon ya kyautar da shi, domin an ɗora shi ne ya tsare dukiyar yaro, ba ya yi sadaka da ita ba. Sau da yawa kalmar "mun bar wa Allah" takan fito daga bakin wanda ba shi zai ciyar da marayun ba.

HANYOYIN NEMAN HAKKI A NIJERIYA

Hanya ta farko ita ce asibitin kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan majinyaci, ta ba majinyaci hakkin a gaya masa halin da yake ciki da hanyoyin awo da magani da ke akwai, ta kuma ba shi hakkin kai kuka a bincika. A rubuta takarda cikin ladabi a nemi bayani, a riƙe kofe.

Hanya ta biyu ita ce Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Ana kai mata kuka da takardar rantsuwa, kwamitin bincike ya duba, idan ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda ke da ikon gargaɗi ko dakatarwa ko soke sunan likita daga rajista. Sai dai a sani, wannan hukuma ba ta yanka wa kowa diyya. Amfaninta shi ne tsare sauran jama'a.

Hanya ta uku ita ce kotu, kuma nan ne ake neman biya. Mai ƙara zai tabbatar da abu uku: likita yana da wajibin kula da shi, ya gaza a wajibin, kuma gazawar ce ta jawo cutarwa. Ba a cin wannan shari'a sai da takardu da shaidar wani likita masani. Don haka a adana katin asibiti, da takardun magani, da rasit, da sakamakon awo, a rubuta ranakun zuwa da abin da aka faɗa. Kuma a gaggauta ganin lauya, domin akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati wadda ta ƙayyade wata 3 kacal don shigar da ƙara, ta kuwa sha kashe ƙararraki tun kafin a saurare su. Lauya ne zai duba ko ta shafi naku. Zaman makoki da takaba kaɗai sun isa su cinye wannan wa'adi. Musulmin da hakkinsa bai samuwa sai ta wannan kotu, babu laifi ya je, da sharaɗin ya faɗi gaskiya, ya karɓi abin da yake nasa.

NASIHA GA ƁANGARORI BIYU

Ga iyalan majinyata nake cewa: ku ji tsoron Allah a kan likitoci. Da yawansu suna duba mutane fiye da ƙima a yini guda, da kayan aiki kaɗan. Dukan ma'aikacin asibiti ko ɓata masa suna a bainar jama'a kafin bincike zalunci ne. Ku kuma yi wa kanku hisabi: idan likita ya ce a je a yanki nama, ku kuka ƙi don tsoron wai ƙarfe na tayar da daji, kuka tafi wata huɗu wurin mai magani a kasuwa, to jinkirin naku ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci shari'a da iya baki a kan abin da ba nasa ba, yankin wuta aka yanka masa.

Ga likitoci kuma nake cewa: faɗin "ban tabbata ba, je ka wurin wanda ya fi ni" ba ya rage darajar gwani. Imamu Malik da kansa an san shi da yawan cewa bai sani ba. Idan kuskure ya auku, a faɗa wa masu shi, a nemi sulhu. Gyara fayil bayan mutuwa ha'inci ne da shaidar zur a haɗe.

Ga mai karatu kuwa, ɗan kasuwa ne kai ko ma'aikaci: ƙullutun da ya wuce wata guda bai sace ba, ko yana girma, ko ya zo da gumin dare da rama, kada ka raina shi don ba ya zafi. Idan an ba ka magani ba ka ga sauƙi ba, koma ka tambaya, "Likita, ba za a auna naman ba?" Tambayar nan hakkinka ce, neman ra'ayin likita na biyu kuma ba cin fuska ba ne.

Shi kuwa Alhaji mai tambaya, na ba shi shawara ya tattara takardu, ya sami likita masani ya duba su tsakani da Allah, ya ga lauya ba da jinkiri ba, sa'an nan ya fara da neman sulhu. Idan masana suka ce babu sakaci, ya kama bakinsa ya rarrashi matar ƙanensa. Idan suka ce akwai, ya tsaya wa marayu har su sami hakkinsu, zuciyarsa kuwa tana mai yarda da hukuncin Ubangijinta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan mamatanmu, ya yi wa likitocinmu jagora, ya tsare mu daga cin hakkin juna. Allah ne mafi sani.